Filin Malamin Gona: Tallafin Fitar da Riɗi da Buhun Agaji, Wa Ke Amfana?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata kusan duk a kan abu biyu suke: amfanin gonarmu da ake fita da shi ƙasashen waje, da abincin da ake shigo mana da shi da sunan agaji. Na haɗa su wuri ɗaya domin tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsu, wato kuɗin da gwamnatoci ke kashewa a kan abinci, a hannun wane manomi suke ƙarewa. Masu tambaya a kan tsutsar masara ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni manomin riɗi ne, tun tasowata nake wannan noma. Kullum a rediyo sai mu ji an ce gwamnati tana ba da tallafi don a ƙara fitar da amfanin gona waje, har a ambaci riɗi da zoɓo da sunansu. Bara na sayar da buhu tara a Maigatari, an tabbatar mini waje za a kai su, amma ko sisi ban gani ba bayan abin da dillali ya ƙirga mini. Shin tallafin nan akwai shi da gaske? In akwai, a ina ake rubuta suna?
Wani manomi daga ƙasar Gagarawa

Amsa: Ɗan'uwa, tallafin akwai shi, rediyo ba ta yi maka ƙarya ba. Sai dai ba a tsara shi don ya zo hannunka ba, kuma gara in gaya maka haka da in bar ka kana sintiri a sakatariya kana neman inda ake rubuta suna.

Ga yadda abin yake. Akwai hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta ƙasa, NEPC, wadda aka kafa a 1976. Ita ke riƙe da shirin tallafin fitar da kaya da ake kira EEG, wanda ya samo asali daga wata doka ta 1986. Kamfanin da ya fitar da kaya, aka biya shi, kuɗin suka dawo Najeriya ta banki, shi ne zai kwashi takardunsa ya nemi a ba shi wani kaso na darajar abin da ya fitar. A tsarin da aka sabunta a 2017, wanda ya fitar da ɗanyen amfanin gona irin riɗinka ba ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wanda kuwa ya gama sarrafa kayansa a masana'anta yana iya kai wa kashi 15. Ba ma tsabar kuɗi ake damƙa musu ba, takarda ce da za su rage haraji da ita, kuma su kansu kamfanonin sukan yi shekaru suna bin gwamnati wannan bashi. Akwai kuma bankin NEXIM da aka kafa a 1991, mai ba masu fitar da kaya rance da lamuni. Dukkansu abu ɗaya suke dubawa: sunan wa ke kan takardar fitar da kayan?

Ka bi sawun buhunanka tara ka gani. Dillali ya karɓa a Maigatari ranar Alhamis, aka haɗa da na wasu manoma aka cika mota sai kasuwar Dawanau ta Kano. A can wani kamfani ya saya, ya zuba a injin tacewa ya fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, ya ɗura a sababbin buhuna masu tambarinsa, ya cika kwantena. Daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai Japan ko Sin ko Turkiyya, inda ake matse shi a yi mai ko a barbaɗa a kan burodi. Sunanka tun a bakin sikelin Maigatari ya tsaya. Wanda ya isa banki da kwastan na kamfanin ne, don haka shi tallafi ya sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina cewa masu kamfanin azzalumai ba ne. Suna zuba jari mai nauyi, suna ɗaukar kasada, kwantena ɗaya in aka dawo da ita daga waje tana iya karya mutum. Yawansu a Dawanau ma alheri ne gare mu, domin duk sa'ad da masu saye suka yi yawa suna rige-rige, farashi yakan ɗaga har ya iso ƙauye. Ta nan ne kaɗai ɗan ɓurɓushin tallafin ke zuwa gare ka. Amma in ka riga ka ci bashin taki ko na biki tun damina a kan za ka biya da riɗi da kaka, ko ɓurɓushin ba za ka gani ba, don an yanke maka farashi tun riɗin yana fure.

Abin ba yau ya fara ba. Mahaifina gyaɗa ya noma, zamanin da ake dalar gyaɗa a Kano. A lokacin, hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashi, wakilanta masu lasisi su auna, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Abin da ake ba manomi bai kai abin da ake sayarwa a Turai ba, ragowar kuwa gwamnati ke riƙewa ta yi ayyukanta. Wato a wancan zamani manomi ne ke tallafa wa gwamnati. An rushe irin waɗannan hukumomi a 1986 zamanin Janar Babangida, aka sakar wa 'yan kasuwa, kuma a shekarar ce aka yi dokar tallafa wa masu fitar da kaya. Mai riƙe da sikeli ya sauya, manomi yana nan inda yake.

Da za a ji ta bakina, da an karkato da wani kaso na kuɗin nan zuwa bakin gona: ingantaccen irin farin riɗi a kan kari kafin shuka, tamfol na kakkaɓa, sikelin da hukuma ta tantance a kowace babbar kasuwa, ɗakin gwajin kaya kusa da mu, da isassun malaman gona. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, na san yadda ake ɗora wa mutum ɗaya a kan babur ƙauyukan da ba zai iya zagaye su ba kafin shuka ta wuce. Riɗin da aka ƙi karɓa a Japan saboda ragowar maganin ƙwari, ko a Turai saboda ƙwayar cuta, yawanci tun a gona ya lalace, ko a tsakar gida inda aka shanya shi a ƙasa kaji da awaki suna bi ta kai.

Abin da ke hannunka shi ne ka sa sunanka ya ƙara tafiya gaba tare da buhunka. Ku haɗu ku ashirin ko talatin ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da su a jiha. Ku yarda a kan iri ɗaya, kada a gauraya fari da ja. Ku yanka in ganye ya fara zuba, kwanson ƙasa ya yi rawaya. Ku ɗaure dami-dami ku jingina a tsaye a kan tamfol, ku kakkaɓe a kan tamfol, ku sheƙe da kyau. Duk wanda ya zuba yashi don ƙarin nauyi ku fitar da shi daga cikinku. In kun tara abin da zai cika mota, ku kai Dawanau da kanku ku sayar da kilo. NEPC tana yi wa ƙungiyar gama kai rajistar fitar da kaya kamar yadda take yi wa kamfani, kuma tana da ofis a Kano. Wannan mataki ne na gaba in ƙafarku ta yi ƙarfi. Wanda duk ya zo ƙauye da fom yana karɓar kuɗi wai na tallafin fitar da riɗi, kada ku ba shi ko kwabo. Shirin EEG ba shi da fom ɗin da ake sayar wa manomi a ƙauye.

Tambaya: Baba malamin gona, ina yi maka fatan alheri. Yarona mai shekara ɗaya da rabi ya rame, a asibiti suka auna damtsensa suka ce tamowa ce, suka ba ni abincin nan na leda mai kama da tunkuza. Haka kuma yayata da ke zaune a Yobe ta zo mana da galan ɗin mai na rabon agaji, mai tutar Amurka a jiki. Surukata ta hana, ta ce Bature ba ya kyauta a banza, akwai abin da aka sa a ciki, gara a kai kasuwa a sayar. Maigidana ya rasa bayan wanda zai bi. Baba, mece ce gaskiya?
Wata matar aure daga Birniwa

Amsa: 'Yata, ki ba yaron abincinsa yau ɗin nan, yadda ma'aikatan asibiti suka ƙayyade miki. Kada ki sayar, kada ki raba wa yayyensa ko da sun yi kuka, domin magani ne da aka auna da nauyinsa. Abin da ke cikin ledar duk kin san shi: niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai, aka ƙara sinadaran gina jiki. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, yanzu kuwa har a Kano akwai masana'antar da ke yin sa. Na ga yaran da aka fara fitar da rai da su sun miƙe da shi cikin 'yan makonni. Man nan ma na girki ne, ki yi miya da shi hankalinki kwance. Ki roƙi maigidanki ya karanta wa Inna wannan amsa cikin ladabi, don ita ma tsoron kada jikanta ya cutu ne ya sa ta faɗi haka.

Kuma Inna tana da tata gaskiyar. Lallai mai bayarwa yana da abin da yake samu. Inda za a gyara mata shi ne, ribar tasa ba a cikin abincin aka ɓoye ta ba, a rubuce take ƙarara cikin dokar ƙasarsu.

Bayan yaƙin duniya na biyu, manoman Amurka da injuna da taki suka riƙa noma abin da ya fi ƙarfin cikin ƙasarsu. Gwamnati tana saye don kada farashi ya faɗi, har rumbunanta suka cika. A 1954 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ake kira PL 480, wadda daga baya aka raɗa wa suna Abinci Don Zaman Lafiya. Manufarta a bayyane take: a rage rarar da ta taru, a ciyar da mabuƙata a waje, a kuma buɗe wa amfanin gonar Amurka kasuwanni. Shi ya sa shekara da shekaru yawancin abincin a wajen manominsu ake saye, a can ake zubawa a buhu, kuma doka ta ce aƙalla rabinsa jiragen ruwan Amurka ne za su ɗauko. Kin ga galan ɗin da yayarki ta kawo sadaka ce gare ku, ciniki ne kuma ga mai noman waken suya a can. Ni ban ga laifinsu a nan ba. Gwamnati ce ta tuna da manominta ko a lokacin da take kyauta, abin da nake fata tamu ta koya.

In akwai illa, a kasuwa take fitowa. Abincin da zai taso daga wata uwa duniya yakan yi watanni a hanya. In ya iso bayan yunwar ta lafa, daidai kaka, sai ya karya farashin manomin wurin. An ma yi zamanin da ake ba ƙungiyoyin agaji hatsi su sayar a kasuwannin ƙasashe matalauta su yi aiki da kuɗin, har a 2007 ƙungiyar CARE ta bayyana cewa za ta daina karɓar irin wannan saboda yana cutar da manoma. Don haka hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, wadda aka kafa a 1961, ta ƙara karkata ga saye a kusa da inda ake yunwar, ko a ba mutane kuɗi su je kasuwa da kansu. Dawa da gero da wake masu yawa da ake rabawa a Borno da Yobe da Adamawa a nan Najeriya ake sayen su, kuma Dawanau tana cikin manyan wuraren da ake ɗauka. Wannan shi ne agajin da na fi so: mai yunwa ya ci abin da ya saba ci, kuɗin kuma ya faɗa aljihun manomin Kano da Jigawa.

Damuwata a wani wuri take. Ina yaro a ƙasar Gumel lokacin farin 1973, na ga mutane suna ƙetarowa daga Nijar da 'ya'yansu bayan dabbobinsu sun mutu, kuma na san dawar da aka kawo daga waje ta ceci rayuka a can. Amma abin hannun wani ba shi da tabbas. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, kuma a watan Yulin shekarar WFP ta yi shelar cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas saboda ƙarewar kuɗi. Ranar da jirgi bai zo ba, sai abin da ke rumbunanmu. Manoma 'yan'uwana, mu fitar da zakkar gona yadda aka umarce mu: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, in ya kai nisabi. A mazhabarmu ta Malikiyya riɗi ma yana ciki, mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi limamin garinsu. Da tana fita yadda ya kamata tana isa ga masu ita, da yara da yawa a ƙauyukanmu ba su kai ga auna damtse ba. Allah ya ba yaronki lafiya, ya raya miki shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe. Ina noman alkama da rani a fadamar Auyo, da damina kuma gero da masara. Ni dai kaina ya ɗaure. Gwamnati ta ce a noma a fitar waje a samo dala. Da hatsi ya yi tsada a 2024 sai aka tare motocin da ke zuwa Nijar, aka buɗe ƙofa aka shigo da na waje, farashi ya faɗi, taki bai faɗi ba. Har na ji an kawo mana alkamar sadaka daga Yukren, ƙasar da ake yaƙi. Ba wannan alkamar ce ta karya mu ba?
Wani manomin rani daga Auyo

Amsa: Malam, dole kanka ya ɗaure, domin manufar ce take da baki biyu. Amma bari mu fara wanke alkamar Yukren. Tan 25,000 ce, ta iso a farkon 2024, aka ba WFP don mabuƙata na arewa maso gabas. Najeriya kuwa tana sayo alkama sama da tan miliyan 4 duk shekara don burodi da taliya. Sadakar nan ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba ta kai ba.

Wadda kake karawa da ita ita ce alkamar kasuwa da jirage ke saukewa a Legas kowane wata, daga ƙasashen da gwamnatocinsu ke tsaye bayan manomansu. A taron ƙungiyar ciniki ta duniya, WTO, da aka yi a Nairobi a Disambar 2015, an amince a daina biyan tallafi kai tsaye a kan fitar da amfanin gona. An yi abin kirki, sai dai yarjejeniyar ba ta taɓa tallafin cikin gida ba. Manomin Amurka yana da inshorar amfanin gona wadda gwamnati ke biyan kaso mai tsoka na kuɗinta, Tarayyar Turai kuma tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan noma da karkara. Mu ma a ƙarshen 2023 a nan Jigawa aka ƙaddamar da shirin noman alkamar rani na ƙasa, da rangwamen rabin kuɗi a kan iri da taki, kuma na yaba. Amma tallafin shuka in ba a haɗa shi da tabbacin kasuwa ba, rabin aiki ne. Mun taɓa gani. A 1987 aka hana shigo da alkama, manoman Kadawa da na kwarin Haɗeja suka zuba ƙarfi, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, waɗanda suka ci bashi suka faɗaɗa gona suka kwana ciki.

Abin da ka faɗa na 2024 haka ya faru. A Fabrairu an tsare motocin hatsi a hanyoyin kan iyaka, har an rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. A Agustan 2025 kuma aka hana fitar da ɗanyar kaɗanya na wata shida don masana'antun cikin gida su samu, nan take farashinta ya faɗi a hannun matan da ke tsinto ta.

Ba na raina yunwar birni. Ina da 'ya'ya a Kano masu sayen tiya-tiya, na san yadda 2024 ta gasa su, kuma shugaban da ya ga mutanensa sun kasa ɗora tukunya dole ya yi wani abu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce manomi kaɗai zai biya kuɗin wannan sauƙi. In za a rufe masa ƙofar da kayansa ke tsada, to a sauko masa da taki da fetur ɗin injin ban ruwa. Ko kuwa gwamnati ta faɗi farashin da za ta saya tun kafin shuka, ta saya da kaka ta adana a rumbunanta, ta fitar a tsakiyar damina lokacin da abinci ke wuya. Kuma a daina sauya doka bayan iri ya riga ya shiga ƙasa. Batun Nijar kuwa, geronmu yana shiga Damagaram, dabbobinsu suna shigowa nan, tun kafin a ja layin iyaka. Tarewa ba ta hana wannan ciniki, ƙara masa kuɗin hanya kawai take, kuma daga farashin manomi ake cirewa.

Kai dai ka fara cika rumbun gidanka da geron shekara. Alkama kuwa, kafin ka shuka ka nemi mai saye, ku yi magana da kamfanin fulawa ta hannun ƙungiyarku. In kana da tudu ka ware wani yanki ga riɗi ko zoɓo, domin su ba a cika tare su a hanya in birni ya yi kukan tsadar abinci ba.

Tambaya: Baba, na gama karatu a Dutse ban samu aiki ba. Garinmu ana noman zoɓo sosai. Na haɗu da wani a Facebook, ya ce yana Meziko, yana son kwantena guda, zai biya in kaya sun isa. Yayana ya yarda ya sayar da shanunsa biyu mu fara. Ta ina zan soma?
Wani matashi daga Sule Tankarkar

Amsa: Ɗana, kada yayanka ya sayar da shanun nan tukuna. Niyyarka mai kyau ce, kasuwar ma ta gaskiya ce. Meziko ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi, Jigawa kuwa tana sahun gaba a nomansa. Amma alkawarin "zan biya in kaya sun isa" daga bakin wanda ba ka taɓa gani ba, ba abin ɗora dukiyar gida a kai ba ne. Masu wannan harka ko dai a ba su wani kaso kafin kaya su tashi, ko bankin mai saye ya aiko da takardar lamunin biya ta hannun bankinsu.

Babbar kwantena tana cin kimanin tan 12 na busasshen zoɓo, ka ga shanu biyu ba su kama hanya ba. Sannan ga takardu: rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, da binciken kaya kafin lodi, wanda ake biya wa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu. In an sayar, dole kuɗin su dawo ta banki cikin kwana 180. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, an yi ta ne don a riƙa gama lodi da takardu tun daga Kano. Ka je ka ga yadda take aiki.

Meziko ɗin ma ta taɓa rufe mana ƙofa. A 2017 suka tarar da ƙwaron sito a wasu kwantenoni, suka dakatar da zoɓon Najeriya gaba ɗaya na shekaru. Ban manta yadda buhuna suka jibge a kasuwanninmu ba mai taya ba, matan da suka ɓare shi har ƙaiƙayi ya cinye musu hannu suka rasa ko kuɗin sabulu. Sai da aka amince da tsarin turara kaya da magani a gaban jami'an hukuma kafin a sake buɗewa. Irin wannan aiki, na hukumar da za ta tsaya ta tabbatar kaya sun fita da tsabta, a ganina ya fi kowane tallafin fitar da kaya amfani ga talaka, domin in ya gaza daga kamfani har mai ɓarar zoɓo kowa faɗuwa yake.

Ka yi kaka ɗaya ko biyu kana tara wa wani kamfani na Dawanau. Ka saya a wurin matan garinku da farashi na adalci, ka nuna musu shanya a kan tamfol, a cire gurguzu da kara, kada a yayyafa ruwa don nauyi. Da jari kaɗan za ka fara, za ka gane masu gaskiya a harkar, kuma za ka ga takardun nan a hannun wasu kafin ka sa hannu a naka.

Tambaya: Malam, tawa gajeriya ce. Maƙwabtana suna zuba fiya-fiya a wake kafin su ɗinke buhu, sun ce in ba haka ba ƙwari za su cinye. Ni ina tsoro. Akwai wata hanya?
Wani dattijo daga Taura

Amsa: Alhaji, tsoronka yana kan hanya. Gubar da ke cikin fiya-fiya, wadda ake kira DDVP, ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a Yunin 2015, bayan an yi ta samun ta fiye da ƙima, kuma aka yi ta tsawaita hanin. Su suna da na'urar ganowa su mayar da shi. Wanda bai fita ba mu da jikokinmu muke cinye shi a ƙosai da alale.

Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, ana samun sa a manyan kasuwanninmu. Ka bar waken ya bushe sarai, har in ka ciza ya fashe da ƙara. Ka sheƙe shi, ka duba ledojin kada a samu huda, ka zuba. Ka matse iskar ledar farko, ka murɗe bakinta ka ɗaure tam, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu, ba ko ɗigon magani. Ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Na ci a gida ka ware shi daban a jarka mai murfi.